Tsoffin kawunan jirgin kuza a Jos

Jama'a duk wanda ya shiga Jos ya daure ya leƙa wajen gidan tarihi ya ga tsoffin kawunan jirgin Bauchi Light Railway. Wallahi na daɗe tsaye ina kallonsu, ƙanana ne sosai, ga tukunyar ruwa ga bakin murhun da ake zuba kwal, tsatsa ta ci jikinsu amma har yanzu da kwarjininsu. Layin siriri ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kacal, Turawa suka ja shi daga Zariya ya iso Jos a 1914 don kwasar kuza, kafin nan a ka talakawa ke dakonta, abin tausayi. Da babban layi ya shigo ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957.