Wasan tayar bayan Golf 3 da ya ƙi jin ɗauri

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon gyara a gida. Alhamdu lillahi, yau tayar baya ta dama ta Golf 3 ɗin nan ta zauna daram, babu wasa (wato lilon da taya ke yi in an jijjiga ta), babu kuka, babu zafi. Ta ba ni haushi ƙwarai kafin a kai nan, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin yana sabo.

Kun san boris biyu ne a cikin durom, na ciki babba, na waje ƙarami, kowanne da kofinsa, wato zoben ƙarfen da 'ya'yan boris ke gudu a kai. Kwancewa ba wuya: hula, fil, ɗan murfin nan mai haƙora, sai noti da soket 24. In durom ya ƙi fitowa kada a hau shi da guduma. A zura sukuddireba ta ramin kusar taya, a tura ɗan ƙarfen da ke buɗa lainin birki sama, zai saki.

Wanda ya taɓa motar kafin ta zo hannuna ya bi wasan da ɗauri ne kawai. Ina buɗewa na tarar 'ya'yan boris sun yi shuɗi don zafi, giris ya narke ya bi ta sil ya jiƙa lainin. Wato bayan kuɗin boris da sil, sai da na sayi lainin, kuma na ɓangare biyu, tunda ba a canza na gefe ɗaya a bar ɗaya. Wannan kam ta taɓa aljihu, kuma duk a kan noti guda da aka matse fiye da kima.

Na sa sababbi, na ɗaure yadda ya dace. Ana matse notin ana juya durom da hannu don 'ya'yan su zauna, sannan a sassauta, a dawo da shi a hankali har washar da ke bayansa ta riƙa ɗan motsawa in an tura ta da bakin sukuddireba da ƙarfin yatsa kawai, ba tare da an dogara da jikin durom ba. A irin wannan boris ana barin 'yar tazara wadda ba ta wuce kusan 0.1 na milimita ba, don ƙarfe na buɗewa in ya ɗau zafi. Taya ta yi lafiya a kan jak. Aka zaga gari, aka dawo, na kama ta sama da ƙasa na jijjiga, sai ga ƙwas-ƙwas ya dawo. Aka ja birkin hannu, wasan ya ɓace, alamar dai daga boris ne ba daga wani wuri ba.

A nan ne hannu ke ƙaiƙayin ƙara wa noti ɗauri, kuma a nan ake ƙona sabon boris. Wasan da ya dawo bayan an saita daidai yana nufin wani abu ya matsa a ciki.

Na fara zargin kofi. In bai kai ƙarshen mazauninsa ba, nauyin mota ne zai ƙarasa tura shi a hanya, sai tazara ta buɗe. Ana gane ya zauna ne da kunne: bugun yana canza sauti, ya koma tsaf, mai kauri. Kafin a saka, a wanke mazaunin da kalanzir, a bi kafaɗarsa da yatsa, domin ƙurar Kano da tsohon giris kan daskare a kusurwar nan, ko kuma a sami ɗan tudun da aka tayar lokacin fitar da tsohon kofi. A yi amfani da tsohon kofin wajen buga sabon, kada guduma ta taɓa fuskar da 'ya'ya ke gudu a kai. Na duba duka biyun, sun zauna.

Ashe sandar da durom ke juyawa a kanta ce. Ta sama tana sheƙi kamar sabuwa. Amma nauyin mota ta ƙasan sandar yake sauka, can kuwa ba a gani sai an kwanta ko an sa madubi. Na ja farce a wurin da boris na ciki ke zama, farcen ya tsaya a kan gaɓa. Tsohon boris da ya ƙone ya riƙa juyawa a kan sandar har ya cinye ta. Na zura sabon shi kaɗai, ba durom, na ɗaga shi sama da ƙasa, yana lilo. Wannan wasan ba na gefe ba ne da noti zai ɗauke, ko an matse har zare ya tsinke yana nan.

Wasu na sassara wurin da kurfi don boris ya kama. Ni ban yarda da wannan ba a motar da ke ɗaukar iyali. Kusoshi huɗu ne ke riƙe da sandar tare da farantin birki, kuma ana samun ta Beljiyam mai lafiya a Ƙofar Ruwa. A tafi da sabon boris a aljihu, a gwada shi a kanta kafin a biya: ya shiga da ɗan ƙarfin hannu, ba lilo. A duba zaren da kuma tsagin da harshen washa ke shiga.

Da aka mai da komai, giris na cusa shi da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen 'ya'yan, ban cika durom ɗin dam ba. Sabon fil, don tsohon da aka lanƙwasa aka miƙe ba abin dogaro ba ne. In ramin fil bai dace da haƙoran murfi ba, murfin ake cirewa a juya, ba noti ba. Kusoshin taya 110 Nm. Bayan zagaye tsakiyar durom ɗumi kawai yake, hannu na zama a kai.

Don Allah kada wani ya kai wannan saitin tayar gaba. Na gaba ba a saita shi. Notinsa soket 30 ne, ana sassauta shi mota na ƙasa, a ɗaure da sabon noti har 265 Nm a masu kusoshin taya huɗu, kuma ba a tura motar ko taku kaɗan notin na kwance, don nan take boris ɗin ke lalacewa. Saura ɓangaren hagu, shi ma ƙasan sandar zan fara dubawa kafin in sayi komai.