Tarihin Rayuwar Balarabe Musa, Kashi na 4: Zaɓen Gwamna na 1979

A makon jiya mun tsaya inda jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta tsayar da Abdulkadir Balarabe Musa, akanta ɗan garin Kaya, takarar gwamnan Jihar Kaduna. Kaduna ta lokacin har da Katsina da Daura, domin sai a 1987 aka raba su.

FEDECO, hukumar zaɓe ta lokacin, ba ta haɗa zaɓukan a rana guda ba. Ta jera su ne: 7 ga Yuli majalisar dattawa, 14 ta wakilai, 21 majalisun jihohi, 28 gwamnoni, sai shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Wannan jerin ya yi wa Balarabe rana. Kafin a kai ga zaɓen gwamna, kowa ya riga ya san nauyinsa. A majalisar jiha mai kujeru 99, jam'iyyar NPN ta kwashe 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. Masu adawa da NPN suka gane in kowa ya ja nasa, Lawal Kaita, ɗan takarar gwamna na NPN, zai wuce salin-alin. Sai da yawansu suka dangwala wa makullin PRP, alamar jam'iyyar a takardar ƙuri'a.

Rinjaye kaɗai bai isa ba. Tsarin mulkin 1979 ya ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. Balarabe ya cika sharuɗɗan, ya kayar da Kaita da 'yar tazara, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. Bai ɓata lokaci ba ya soke haraji da jangali.

Amma a ganina lissafin 21 ga Yuli ya fi na 28 nauyi. Gwamna ba ya naɗa kwamishina sai majalisa ta amince, ita kuwa majalisar tana hannun NPN, Mamman Abubakar Ɗanmusa na shugabanta. Duk sunayen da ya aika sai su dawo masa da su, shi kuma ya ƙi ya sa 'yan NPN a ciki. Tsige gwamna na buƙatar kashi biyu cikin uku, wato kujeru 66. Biyu kacal suka rage wa NPN.

Mako mai zuwa za mu bi yadda NPN ta cike giɓin, har aka tsige Balarabe ranar 23 ga Yuni, 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi.