Buƙatu goma sha huɗu da jan biro

Ranar da muka fara zama da hukumar asibitinmu, ni ce na riƙe takardar buƙatu. Guda goma sha huɗu ne, na kwana ina gyara su. A lokacin ban fi wata biyar da zama sakatariyar reshen ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ba, a wani babban asibitin gwamnatin tarayya a nan Arewa. Da na gama karantawa, daraktan mulki, wani dattijo mai sanyin magana, ya miƙo hannu na ba shi takardar. Ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya soke tara. Sannan ya ɗago ya ce, "Sista, waɗannan ko ina so ba ni da ikon ba ku. Na Abuja ne. Bar mana biyar ɗin nan mu yi magana."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka raini ne. Sai da muka fito shugaban reshenmu, wanda ya yi furfura a wannan gwagwarmaya, ya ce mini, "Kwamared, gaskiya fa ya faɗa miki. Mun bar jaki muna dukan taiki."

Abin da ban tsaya na auna ba ke nan. Albashinmu yana kan tsarin CONHESS, na likitoci kan CONMESS, kuma hukumar tsara albashi ta ƙasa ce ke fitar da takardar kowane ƙari. Kuɗin ma ta IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, yake faɗowa asusunmu, ba ya bi ta ofishin akantan asibiti. Alawus ɗin haɗarin aiki ya shekara da shekaru a kan Naira 5,000 a wata, da shi muka tari zazzaɓin Lassa, da shi muka shiga korona a 2020, kuma da aka tashi ƙara shi a ƙarshen 2021 ba a ɗakin taron wani asibiti aka yanke ba. Shugaban asibiti shi ma ɗan albashi ne irinmu. Abin da ke hannunsa shi ne kuɗin da asibiti ke tarawa daga yankan kati da gwaje-gwaje da kuɗin gado, sai jadawalin aiki, da tsaro, da ɗakunan hutawa, da ma'aikatan wucin gadi waɗanda shi ke biyan su. Biyar ɗin da dattijon ya bar mana duk daga nan suke.

Ina tsoron kalmar yajin aiki, kuma ina da dalili. A 2018 ina cikin waɗanda suka ajiye aiki lokacin yajin JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba. Babbar buƙatar ita ce a gyara mana CONHESS kamar yadda aka gyara wa likitoci nasu a 2014. Daga tsakiyar Afrilu muka tafi har ƙarshen Mayu, azumi ya same mu a gida, kuma sai da Kotun Ma'aikata ta shiga tsakani aka janye. Aka yi amfani da sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago, wato ba aiki ba albashi, aka riƙe mana na wata biyu. Da bashi da adashi aka yi Sallar shekarar. Amma ba kuɗin ne ya fi tsaya mini a rai ba. A rana ta biyu ina tsaye a bakin ƙofar asibiti na ga wani matashi ya goyo mahaifiyarsa zai sa ta a a-daidaita-sahu, allurar ƙarin ruwa tana nan maƙale a bayan hannunta, ba wanda ya cire mata. Na san ta, ni na sa mata allurar. Ya kalle ni bai ce uffan ba. Na juya baya na yi kamar ina amsa waya.

Saboda haka da aka dawo zama na biyu, a ƙarshen 2023, bayan cire tallafin mai ya ninka wa kowa kuɗin mota, na ƙudura cewa ba da ihu za mu shiga ba. Muka sayi littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, muka raba wa kowane ɗaki. Duk mai aikin dare ta rubuta abu uku kafin ta miƙa aiki da safe: majinyata nawa ta kwana da su, su nawa ne a bakin aiki, awa nawa aka yi ba wuta. Mako shida muna tarawa. Wasu sun yi ƙorafi, wai an ƙara musu aiki a kan aiki. A littafin ɗakin mata akwai daren da wata ta rubuta a gefe da ƙaramin rubutu, "Mu biyu ne, gado duk a cike, da fitilar waya na nemi jijiya." A baya idan na ce ma'aikata suna shan wuya, sai a gyaɗa kai a ce Allah ya kawo sauƙi. Da na jera littattafan a kan tebur, na buɗe wannan shafin na tura gaban shugaban asibiti, sai akanta ya gyara zama ya fara tambayar lissafi.

A nan kuma na tafka kuskuren da ya fi kowanne. An yi zaman cikin raha, har da lemo da cincin. Da aka kawo rubutaccen bayanin taro na ga an sa "hukuma za ta duba" a gaban buƙatu huɗu, na sa hannu, na fita ina murna, har na rubuta a zauren WhatsApp na reshe cewa an kusa. Wata biyu suka wuce shiru. Duk wanda na tara sai ya ce ai ana dubawa, kuma bai yi ƙarya ba, abin da na sa wa hannu ke nan. Romon baka aka ba ni, na sha har da lashe kwano.

Dole muka ba da wa'adin shiga yajin aiki. Doka ta ce ma'aikatan da aikinsu ya shafi rai su ba da sanarwar kwana 15, muka ba da, muka aika kwafi ofishin ƙwadago. Rigimar da ta fi zafi a kwanakin nan a cikinmu aka yi ta. Na kafe cewa ko an tafi yajin, za a bar mutane a ɗakin haihuwa da ɗakin jarirai bakwaini da sashen gaggawa. Matasanmu suka ce idan ba a ji zafi ba ba za a saurare mu ba, kuma ban ce ba su da gaskiya ba. Sai dai na ba su labarin matar nan da allurarta. Da ƙyar aka amince, wasu har yau suna ganin na rage wa wuƙarmu kaifi.

A kwana na 13 aka kira mu. Wannan karon duk buƙatar da aka ce an yarda da ita, sai na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai yi, yaushe, kuma daga wane asusu?" Na ƙi matsawa gaba sai an rubuta. Daraktan mulki ya yi dariya ya ce, "Sista ta koyi karatu." Mun tashi bayan isha'i da motar da za ta riƙa mayar da masu aikin dare, da ƙarin masu gadi a sashen gaggawa inda aka taɓa marin wata abokiyar aikinmu, da gyaran ɗakin hutawa, da alkawarin ƙara wa 'yan wucin gadi kuɗi. Ƙarin ma'aikata na dindindin bai samu ba, don ɗaukar aiki ma sai da sahalewar Abuja. Abin da aka yi shi ne an sake zana jadawali, an janyo wasu daga asibitin rana zuwa dare.

Washegari a babban taron reshe, wata yarinya da ba ta fi shekara biyu da fara aiki ba ta miƙe ta ce, "Anti, nawa aka ba ku?" Ɗakin ya yi tsit. Na zaro tsohuwar takardar nan mai jan biro, na karanta tara ɗin da aka soke, na faɗi inda kowacce take da wanda ke da ikon sa mata hannu, na ce waɗannan uwar ƙungiya ce za ta yi faɗansu, mu namu mu tura mata hujja. Ba ta gamsu ba, amma da aka ɗaga hannu masu amincewa sun rinjaya. Yanzu ita ke tattara littattafan dare na ɓangaren yara.

Motar tana zuwa, ko da yake wani lokacin sai an tura ta. Ɗakin hutawa ya samu kwaɗon ƙofa da fanka da katifa biyu. Ranar da aka rubuta don ƙarin kuɗin 'yan wucin gadi kuwa ta wuce da mako uku, ba a biya ba. Jiya na kai wasiƙar tuni ofishin daraktan mulki, na haɗa da kwafin shafin da ya sa wa hannu, na ja layi a ƙarƙashin kwanan watan da jan biro.