Na hau dutsen Tololo a Cile

Tun a bas daga Santiyago, kusan awa 7 muna miƙawa arewa, za mu cibiyar binciken taurari da ke kan dutsen Tololo, abokin tafiyata yake min mita wai me za a gani a kan dutse da waya ba za ta nuna ba. Mun kwana La Serena, da safe ran Asabar muka bi kwarin Elki, gonakin inabi hagu da dama, can kore ya ƙare sai duwatsu da ƙaya, mota sai kwana take sha har kunnena ya toshe. Saman ya kai mita 2200, iska a bushe kamar hunturu, sama tas ko ɗigon gajimare babu.

Da aka shigar da mu ɗakin na'urar hangen taurari mai suna Blanko wallahi shiru na yi. Madubinta mita 4 ne, kuma da ita masana suka yi farautar taurari masu fashewa har a 1998 suka gane sararin samaniya ba buɗewa kawai yake ba, saurin buɗewar ma ƙaruwa yake, aikin da ya ba Perlmutter da Schmidt da Riess kyautar Nobel a 2011. Abin da ke turawar suka kira dak enaji, ɓoyayyen ƙarfi kenan, wajen kashi 68 cikin 100 na duk abin da ke akwai, amma har gobe ba wanda ya san ko menene.

Abokina ya ce, "To malam kuɗin da ake kashewa nan fa, a kan abin da ba a gani?" Na ce ai dalilin kashe su kenan, lissafi a allo zai iya kawo amsa goma, awo ne kaɗai zai ce wacce ce daidai, shi ya sa suka ɗaura wa Blanko kyamara mai megafiksel 570 daga 2013 zuwa 2019 dare bayan dare suna ɗaukar kashi ɗaya cikin takwas na sama. Kuma ga shi a 2025 masu aikin DESI, wata na'urar binciken dak enaji a Arizona ta Amurka, sun ga alamun ƙila ƙarfin raguwa yake, da an tsuke aljihu wa zai gano?

Muna fitowa mai zagayawa da mu ya nuna mana wani dutsen, Pachon, inda aka gina wata cibiyar hangen taurari, Rubin, mai kyamarar megafiksel 3200. Abokina ne ya fara tambaya ko ana barin baƙi su hau can ma.