Yaron da ya ga rariya ta yage ya yi shiru

Ƙannena, a injin casar shinkafa na yi wayo, a Kura, inda ruwan dam ɗin Tiga ya sa ake noma rani da damina. Da mai gida ya ɗora ni kan yara shida, sai na ɗauka shugabanci tsawa ne. Wanda ya zubar da kwano ɗaya na yanke masa kuɗi, kuma a gaban masu kaya nake yi, don a san da ni. Har na ajiye ɗan rahoto a cikinsu, ina ƙara masa na shayi.

Shiru ya yi yawa a wurin, ni kuwa na zata ladabi ne.

Shinkafa ba ta son ɓoye-ɓoye. Shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, in aka turara ta aka shanya, danshinta ya kamata ya sauko wajen kashi 14 cikin 100. In ta wuce bushewa ta kakkarye, in da saura ta cushe inji. Mai zubawa da hannunsa shi ke fara ganewa, ba wanda ke zaune kan benci ba. To ni na rufe bakin masu zubawar.

Wata Laraba rariyar inji ta yage. Ƙaramin cikinsu ya gani tun da hantsi, bai ce uffan ba. Buhu goma na wata Hajiya muka lalata, muka biya, ba ta sake dawowa ba. Na tsare shi: me ya hana ka magana? Ya ce, "Yaya, da na faɗa, cewa za ka yi ni na yaga." Ban samu amsa ba, don abin da zan ce ke nan.

Saboda haka in ka je neman aiki, ko shago ne ko makaranta ko asibitin ƙauye, kada ka tsaya kan nawa ake biya. Duba ranar da abu ya ɓaci: gyara ake nema, ko wanda za a ɗora wa? Duba ko hira na mutuwa in mai gida ya shigo. Tambayi leburori, ba manaja ba, ko ana biyansu kan lokaci. Ai hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

In kuma kai aka ɗora, ɗan rahoton nan ka fara sallamar aikinsa. Nawa, daga baya na gano, rabin abin da yake kawo min ƙarya ce, kuma yaran da suka fi iya aiki yake sara.