Yadda za a shawo kan sashen kwamfuta su rabu da Internet Explorer

A biro-biro da dama nan Maradi, daga ƙungiyoyin agaji zuwa kamfanonin da ke fataucin kaya ta Ɗan Issa, har yanzu akwai kwamfutocin da ake shiga intanet da su ta Internet Explorer. Ma'aikata na ta ƙorafi, masu kula da kwamfutocin kuma sun yi kunnen uwar shegu. Galibi ba ƙiwa ke hana su ba. Akwai wani tsohon abu guda da ya riƙe musu ƙafa: manhajar lissafin kuɗi da aka saya shekaru goma da suka wuce, ko shafin kallon kyamarorin tsaro da ba ya buɗuwa sai da ActiveX, wata tsohuwar fasahar Microsoft da burauzoji irin su Chrome da Firefox ba su san da ita ba. Idan ka je da maganar "sabo ya fi kyau", za a saurare ka, a yi maka godiya, shi ke nan. Abin da ya riƙe su za ka nemo.

Ka fara da kwanakin da ba su da gardama. Microsoft ya janye hannunsa daga Internet Explorer 11 ranar 15 ga Yuni 2022, tun Agustan 2021 ma Microsoft 365 ya daina aiki da shi yadda ya kamata. Windows 7 kuwa tun 14 ga Janairu 2020 aka daina yi masa gyaran tsaro. Shafukan banki da na masu ba da tallafi kuma ba a sake gwada su a kansa, shi ya sa maɓallin aika rahoto yake ƙin dannuwa ana saura awa biyu wa'adi ya cika.

Sai ka ɗauki takarda ka zagaya. Kowane ma'aikaci ya faɗi shafukan da yake buɗewa a mako, a gwada kowane a Edge, sabon burauzan Microsoft da ya maye gurbin Internet Explorer, a rubuta wanda ya yi da wanda ya ƙi. Yawanci waɗanda za su ƙi ba su wuce biyu ko uku ba. Wannan takardar ita ce makaminka. Kana miƙa ta ga mai kula da kwamfutocin ka ce, "Malam, ga abin da muka gwada, waɗannan biyun kaɗai suka rage, ya kake ganin za a yi da su?" Ka bar masa shawarar, aikinsa ne.

Maganin waɗannan biyun yana cikin Edge ɗin kansa. Yana da yanayin Internet Explorer, wanda ke buɗe tsohon shafi da tsohon injin, har da ActiveX, kuma Microsoft ya yi alkawarin riƙe shi aƙalla zuwa 2029. A nan ake yawan tuntuɓe. Idan ma'aikaci ne ya saka shafin da hannunsa, bayan kwana 30 saitin zai faɗi, shafin ya koma ƙin buɗuwa, a ce sabon burauza ne ya lalace. Abin da ya dace shi ne a rubuta adireshin shafukan cikin fayil ɗin XML guda, a ajiye shi a saba ko a babban fayil na kowa, a nuna wa Edge wurinsa ta Group Policy, hanyar da Windows ke aika saiti guda ga kwamfutoci da yawa. An gyara fayil ɗin sau ɗaya, ya isa ga dukan kwamfutoci.

Kwamfutar da ke kan Windows 7 labarinta daban ne. Chrome da Edge sun tsaya mata a siga mai lamba 109, Firefox kuma a 115 ESR, sigar da ake daɗe ana yi wa gyara. Wannan na riƙon ƙwarya ne kawai, kuma in ƙwaƙwalwarta giga 2 ce, shafuka biyar za su durƙusar da ita. A ƙara ta kai giga 4, ko a sa ta cikin jerin waɗanda za a canza.

Kada a bar kwamfuta ashirin kowace ta sauke burauza da kanta, data za ta ƙare kafin azahar. A sauke fayil ɗin MSI, wato fayil ɗin girka burauzan, sau ɗaya, a zuba a kile, a zagaya da shi. A fara da kwamfuta uku ko huɗu na mako biyu, a tabbata akwai ta akanta a ciki, don shi ne zai fara ihu in wani abu ya karye. Edge na kwaso adiresoshin da aka adana a tsohon burauza, amma a duba da ido kafin a cire gunkin daga allo.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata wannan aiki: batirin agogo na cikin kwamfuta, CR2032, mai kamar kwabo. Idan ya mutu, duk ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, sabon burauza ya ga takardun shaidar shafuka ba su dace da ranar ba, ya ƙi buɗe komai. A sayo guda biyar a ajiye a durowa tun kafin ranar sauyi.