Ranar da Shamuwa Ta Sauka

Kakata ba ta taɓa yarda damina ta gabato ba sai ta ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gidanmu. Bayan rasuwarta na riƙa jin dattawa suna cewa yanzu shamuwa na makara, wasu kuma su ce ruwan ne ya daina cika alkawari. Na tambayi ranar da ta saba zuwa, babu wanda ya iya faɗa min. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na sayi ƙaramin littafi na fara rubutawa.

Daga baya wani aboki ya shigar da ni aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta fara a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Sai ka zaɓi naka, ka yi aƙalla awa biyu kana zagayawa, kana shigar da duk tsuntsun da ka gane a manhajar BirdLasser.

Kuskurena na shekarar farko har yanzu yana yi min ciwo. Ranar da na ga shamuwa kaɗai nake rubutawa. Da aka tambaye ni ko na duba tsamiyar a makon da ya gabaci wannan rana, sai na yi shiru, domin ina Kano a lokacin. Ashe ranar dawowata na rubuta, shamuwar kuwa Allah kaɗai ya san yaushe ta iso daga kudancin Afirka. Tun daga nan, ko ban ga komai ba sai na rubuta: "Na duba da hantsi, babu."

Na ƙara wasu abubuwa da manoma suka fi damuwa da su: ruwan farko, ruwan shuka na gaskiya, kwanakin da sama ta ɗauke bayan an yi binne, ranar da shinge ya fito, da ranar da gawo ya karkaɗe ganyensa.

Mutane kan tare ni su ce, "Malam, to ta makara ko?" Nakan ce shekarun da ke littafina ba su isa yanke hukunci ba, shamuwa kan yi sammako bana ta jinkirta baɗi. Yanzu ɗiyata ce ke duba tsamiyar duk ranar da na yi tafiya, kuma rubutunta ya fi nawa tsabta.